Tantabarun da Suka Ƙi Zama a Gounghin

A gidanmu Baba ne yake raba nama. In an kusa cinye tuwo sai ya tsoma yatsu cikin miya, ya lalubo tsoka, ya tura gaban kowa, daga babban wana har zuwa kaina. Shi ba mai yabo ba ne, ba ya kuma tambayar lafiyar mutum. Wannan turawar ita ce maganarsa, da ita muke gane wanda yake fushi da shi, don hannunsa kan tsallake mai laifi.

Ina saurayi, ina gyaran babura, aka rushe unguwarmu ta Zango a tsakiyar Wagadugu. Muka kwashi komatsanmu muka kama haya a unguwar Gounghin, har da tantabarun Baba cikin kwanduna. Kakanmu ne ya fara kiwonsu tun yana fataucin goro. Aka ɗaura musu sababbin tukwane a bango, aka zuba gero, aka ajiye ruwa. Ranar da aka sake su suka yi sama, suka miƙe Zango.

Ni aka ɗora wa aikin ɗauko su. In na je sai in tarar da su jere a kan guntun bangon da ya rage na ɗakin Inna. In watsa gero, in kifa kwando, in ɗaure a bayan babur. Kafin ka ce me, sun koma. Aka fige musu fukafukai, gashi na fitowa suka sake komawa.

Wata rana da la'asar na je ɗauko su, sai na hango Baba zaune a kan tubali, daidai inda zaurenmu yake a da, da carbi a hannu. Ashe kullum da yake cewa ya tafi kasuwa, nan yake zuwa. Ban bari ya gan ni ba, na juya na dawo gida.

A makon nan ya ce ya gaji. "An kawo su gida mai kyau sun ƙi zama. A yanka su duka."

Wana ne ya yanka, ni na riƙe. Kowacce na kama sai in ji zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna. Inna ta yi farfesu, Baba ya turo mini cinya, na duba na ture ta gefe. Haushi ne ya kama ni, ba wai tausayi kawai ba. Laifinsu ɗaya, sun tuna gida, mu ma duk ciwon da ke cinmu ke nan.

Daga nan idona ya buɗe, ya ƙi rufuwa. Kajin da ake ratayawa kai a ƙasa a kahon keke, na taso ina ganinsu, sai yanzu suka fara damuna. Ƙwai ya fita raina, don na san yadda tantabara da mijinta suke karɓa-karɓa wajen kwanci. Nono ma na bari, bayan na ga ɗan maraƙi ɗaure yana kuka ana tatsar uwarsa. Na koma wake da shinkafa, wanda Mosawa ke kira benga, da ƙosai, da tuwo da miyar kuka mai daddawa kaɗai.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kowa ya tambaye ni dalili, kafin in buɗe baki ya amsa wa kansa. Inna ta ce sammu ne, ta jiƙa mini saiwoyi. Gwaggo ta ce ciwo nake ɓoyewa. Wana ya ce, "Kai dai ka zama Nasara, c'est tout, shi ke nan." Limamin sabuwar unguwarmu ya tare ni ya ce Allah Ya halatta nama. Na ce, "Malam, ban ce haram ba ne, na ce ba na iyawa." Ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da wa'azinsa.

Inna kuwa ta shiga yi mini dabara. Yau man shanu a ƙarƙashin tuwo, gobe romon ƙashin kaza a cikin wake. In na gane sai ta ce, "Haba ɗan nan, kaza ce fa, ba nama ba!" Ban san ko in yi dariya ko in fasa kwano ba.

Baba ne kaɗai bai ce uffan ba. Kullum sai ya turo mini rabona, kullum in bar shi a wurin, wana ya ɗauke. Na roƙe shi ta bakin Inna ya daina, bai daina ba. Haka muka yi wata da watanni.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna cikin cin abinci, ya turo tsoka ya bar yatsansa a kanta.

"Me nama ya yi maka?"

Shi ne mutum na farko da ya tambaya ya jira amsa. Na ce, "Baba, tantabarun nan ne. Gida kawai suke komawa. Kuma na gan ku a can, zaune inda zaure yake."

Wana ya sunkuyar da kai. Baba ya janye yatsansa, ya wanke hannu, ya tashi bai ƙoshi ba.

Washegari muka zauna kamar kullum. Da aka zo rabo Baba ya tura wa wana nasa, hannunsa ya zo kaina ya wuce. Abin da na daɗe ina roƙo ke nan. Har ya rasu ban san ko ya fahimce ni ne ko fushi yake yi ba, don a gidanmu duk biyun kamarsu ɗaya. Na dai san lomar da ke bakina a ranar, da ƙyar ta wuce.