Ƙunshin Tsohuwar Jangeru

Kawuna ba ya shirya tafiya a takarda. A ƙasa yake shiryawa, a ƙofar gidanmu na Ƙaura, yana tsugune da tsinke a hannu kamar mai duba. Bara, bayan an yanke gero, ya sayi wata tsohuwar fijo, ya ce kafin ta fara ɗaukar fasinja sai ta kai iyalinsa Nijar yawon buɗe ido. Babu fatauci a ciki, babu biki. Gani kawai za a je yi. Mutanen unguwa sun sha wahala kafin su gane wannan magana. Wani dattijo ma ya ja shi gefe, ya ce ya faɗa masa gaskiya, waye ba shi da lafiya a can.

Kullum bayan la'asar sai ya share ƙasa ya jera duwatsu. Wannan Zurmi, wannan Jibiya, wannan babban shi ne Maraɗi inda za mu fara kwana. Murfin kwalba ne tafkin Madarunfa. Can gaba ga Tasawa, sannan wata sakaina da ya ce ita ce Damagaram, garin da duwatsu suka hau kan juna kamar mutum ne ya ɗora su. Wata rana akuyar maƙwabta ta taka Damagaram ta fasa ta, Kawu ya bi ta da gudu har bakin masallaci. Abokinsa, wani mutumin Binuwai da ke aiki a tashar jirgin ƙasa, ya tausaya masa ya kawo taswira ta gaske. Kawu ya riƙe ta a juye, ya yaba kyawun takardar, ya mayar masa da godiya.

Bayan manya da tulin kaya, wurin zama ɗaya ya rage a motar. Mu biyu muke nemansa, ni da taubashina, ɗan Kawu, wanda ya girme ni da kaɗan amma ya fi ni kai nesa ba kusa ba, ina nufin girman ƙoƙon. Kawu ya ce ɗansa ai ya taɓa shiga jirgi, don haka wurin nawa ne. Daga ranar na daina takawa irin ta mutane. Duk wanda ya gaishe ni sai na amsa masa da Maraɗi.

Ana saura 'yan kwanaki mu tashi, Inna ta ɗauke ni muka tafi Shinkafi ranar kasuwa, don ta yi ban kwana da danginta ta kuma sayo abin guzuri. Kafin ta gama cinikin kilishi na riga na tara mata masu sayar da daddawa. Na gaya musu jandarman Nijar za su jeru su sara mana a kan iyaka. Na ce za mu wuce har inda ƙasa ta ƙare yashi ya fara, inda raƙuma ke jin Faransanci. Suna ta dariya, ni kuwa ina ƙara gishiri.

Sai na ji an taɓa ƙafata. Wata tsohuwa ce zaune a ƙasa, a bayan tiren daddawa, ba ta sayar da komai. Ƙarama ce ƙwarai, ta lulluɓe da baƙin zane, a cinyarta akwai wani ƙunshi da aka ɗaure da tsumma. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba.

"Ɗiyata, ku aka cewa za ku Faranshi?"

Haka tsofaffinmu ke kiran Nijar. Na ce mu ne, Kaka, da kanmu.

Ta ce ita mutuniyar can ce, aure ya kawo ta Jangeru, nan kusa da Shinkafi, tun tana yarinya, ba ta sake komawa ba. Ta faɗi sunan wani ƙauye yamma da Maraɗi, ta ce tana da ƙane a can, maƙeri, gidansa na kallon rijiya. Ta miƙo ƙunshin da hannu biyu.

"Ki ba shi hannu da hannu. Ki ce mishi kayana ne, ina nan tahe bayansu."

Kowa ya san matafiyi ba ya ƙin saƙo. Ni kuma ba a taɓa ba ni saƙon da zai ƙetare iyaka ba. Na karɓa ina hura hanci, na cusa a jakar Inna ƙarƙashin kilishi. Da na waiga in tambaye ta ko akwai ƙarin magana, ta riga ta miƙe. Bayanta kawai na hango tana ratsa taron, a hankali, ba ta kauce wa kowa ba, kowa na kauce mata.

Sai da muka dawo Ƙaura Inna ta ga ƙunshin. Ta tambaya, na ba ta labari. Ta ce ba a shiga ƙasar mutane da abin da ba a san cikinsa ba, sai an duba. Ta kwance tsumman a tsakar gida, rana tsaka, kaji na kiwo.

Fari ne. Farin saƙi na hannu, irin wanda aka kaɗa zarensa da mazari, an yanka shi gida-gida an ninke tsaf. Wani ƙamshi ya taso, ba mai daɗi ba, ba kuma mara daɗi ba, irin na akwatin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ce kayan amarya ne. Inna ta ja hannunta baya a hankali, ta yi salati can cikin maƙogwaro, ta ce in je in kira Kawu yanzu.

Likkafani ne. Na mace, cikakke.

Kawu ya tsaya daga nesa ya leƙa, bai ko zauna ba. Mutum ne mai son wasa, amma ranar ban ga haƙorinsa ba. Ya ce tun yana yaron mota ubangidansa ya gargaɗe shi da abu guda, kuma duk direban da ya san kansa a hanyar nan ya san shi.

"Ba a sa likkafani a mota in ba mai shi a ciki. In ya shiga shi kaɗai, a hanya yake zaɓen wanda zai sa shi. Ba zai hau motata ba."

Inna ta ce wannan camfin direbobi ne, rai a hannun Allah yake. Ya ce haka ne, amma sitiyari a hannunsa yake. Ta ce to a bar shi a gida mu tafi, in mun dawo a nemi mai shi. Nan ma ya ƙi. Ya ce saƙo amana ne, wanda ya karɓa da hannunsa ko dai ya isar ko ya mayar da hannunsa, ba a kulle shi a ɗaki a tafi kallon tafki. Hukuncinsa ke nan: in na mayar wa tsohuwar da kayanta kafin ranar tashi, wurina na nan. In ban same ta ba, ni da ƙunshin mu yi gadin gida.

Taubashina ya fara zuwa gidanmu safe da yamma. Yakan shiga motar ya zauna a wurina, ya sauke gilas, ya ɗago min hannu. Ya sa min suna mai gawa. Ya ce zai sayo min tsaraba, farin yadi mai kyau.

An ajiye ƙunshin a kan akwatina, don ba wanda ya yarda ya shiga ɗakinsa. Ni dai ban ce yana motsi ba. Amma ɗakin nan da yake tafasa da rana ya koma kamar cikin randa. Kyanwarmu, wadda ba ta da wurin barci sai kan akwatin, takan zo bakin ƙofa ta zauna ta zuba masa ido, ba ta shiga. Duk abin da na taɓa sai in ji ƙamshin nan a jikinsa, har tuwo. Kuma maganar tsohuwar ta ƙi barin kunnena. Da fari na ɗauka tana nufin za ta biyo wata motar. Yanzu kuwa na rasa ta wace hanya take shirin bin kayan nata.

Ana gobe za mu tashi Inna ta ce in ɗaura kallabi, za mu Jangeru. Ta sa ƙunshin a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗora min. Muka shiga motar haya ba mu gaya wa direba komai ba. Ina zaune da ƙwarya a cinya ina bin fasinjoji da kallo ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin wa zai zaɓa. Akwai wani mai tari a baya, na ji sanyi a raina na ce ga shi nan. Sai na tuna na mace ne. Na dubi motar da kyau. Mata biyu ne a ciki, ni da Inna. Duk ramin da muka faɗa sai na karanta abin da na sani, har da addu'ar cin abinci.

A Jangeru Inna ta tambayi masu sayar da nono gidan tsohuwar da aka auro daga Faranshi. Suka dubi juna, ɗaya ta nuna da haɓa. Ba mu yi nisa ba muka hango maza zaune a kan tabarmi a ƙofar wani gida, ba mai magana. An jingine makara a jikin katanga.

Inna ta riƙe min hannu, ta yi sallama, muka shige.

Cikin gidan babu kuka mai ƙarfi. Abin da muka tarar shi ne bincike. An fito da kayan ɗaki guda kaf an baje a tsakar gida: tukwane, tsofaffin zannuwa, tabarma, kwando cike da mazari. Mata na ɗaga wannan suna ajiye wancan. Wata mace mai jajayen idanu, matar ɗan tsohuwar, ta tarbe mu. Ta ce da hantsi tsohuwar ta cika, an yi mata wanka, an gama haƙa, amma an rasa likkafaninta. Ita ta kaɗa zarensa da hannunta, shekara da shekaru, ta kuma sha yin wasiyya kada a sa ta a cikin yadin kanti. Kullum yana ƙasan akwatinta. Yau an buɗe babu.

Inna ta dube ni. Na sauke ƙwaryar, na ɗaga faifan.

Wata ta ja ɗanta baya daga kusa da ni. Matar ɗan tsohuwar ta karɓi ƙunshin, ta sunsuna shi, ta tambaye ni a ina na samu. Na ba da labarin kamar yadda ya faru, ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Ta ce lalle ranar kasuwa tsohuwar ta ɓace tun safe, ba ta dawo ba sai yamma, ta ƙi faɗin inda ta je. Tun daga ranar ta daina cin abinci sosai. Takan zauna a bakin ƙofa tana kallon arewa, duk wanda ya wuce ta tambaye shi ko yarinyar nan ta tashi. Sun ɗauka ruɗin tsufa ne.

"Jiya ma ta tambaya," in ji matar. "Na ce mata ba ta tashi ba, don dai ta bar ni in huta. Sai ta ce to, ta gaji da jira."

Aka shige da ƙunshin ɗaki. Ba a jima ba maza suka shigo da makara, muka juya baya. Kafin mu fito, ɗan tsohuwar ya aiko a roƙi Inna: tunda Allah ya sa za mu can, mu sanar da ƙanenta. Ba su da wanda za su aika. Inna ta ce ni aka ba saƙon farko, ni zan kai na biyu.

Kawu ya saurari labarin har ƙarshe bai katse mu ba. Ya tambaya ko hannu da hannu na mayar. Inna ta ce mai hannun ta riga ta tafi, amma yana jikinta yanzu. Kawu ya leƙa motar ya ce wa ɗansa ya fito daga wurin mutane. Ya ce saƙon baki ba shi da nauyi, zai ɗauka. Za mu rage kwanan Maraɗi mu ratsa ƙauyen tukuna, kafin kallon komai.

Washegari muka bi ta Zurmi muka ƙetare. Jandarma ba su sara mana ba, sun dai sa Kawu ya sauke kaya ya sake ɗaurawa. Rana ta karkata muka bar kwalta, muka bi yashi tsakanin karan gero, muna tambaya har muka ga rijiyar. Gidan na kallonta kamar yadda aka ce. Maƙerar a buɗe take amma babu wuta. Wani tsoho na zaune a ƙofa a kan buzu, fuskarsa irin tata sak, sai dai gemu. Ƙofar gidan an share ta tas, an yayyafa ruwa.

Kawu ya yi sallama, suka gaisa. Ya ce daga Ƙaura muke, yarinyar nan ce ke da magana. Na durƙusa. Tun daga Jibiya nake jera kalmomin a raina, amma ban samu na fara ba. Tsohon bai dubi fuskata ba. Hannuwana ya duba, ya leƙa bayana, ya dubi motar.

"Ba ku zo da kayan ba," ya ce.

Ban ambaci Jangeru ba, ban ambaci kowa ba. Na girgiza kai.

Ya daɗe yana kallon hanyar da muka fito. Sannan ya ce, "To, ta tsaya can ke nan."

Ya shafa fuska, ya kira wani daga cikin gida, ya ce a kawo wa baƙi ruwa, a kuma fito da tabarmi, mutane za su zo ta'aziyya.