Ƙullin da Gidan Waya Bai Iya Kaiwa

Shekarar da aka naɗa yayana shugaban gidan waya na ƙasa baki ɗaya, unguwarmu a Damagaram ta fahimci abin yadda ya yi mata daɗi: an samu mai kai saƙo Yamai, babban birni, kyauta. Duk zuwan da zai yi gida, ranar komawa sai zauren Inna ya cika da ƙulle-ƙulle, wannan kilishi, wannan alkaki, wannan kuka da daddawa. Ni dariya abin yake ba ni, shi kuwa yana ci masa rai. Mutumin da ke yawo yana roƙon jama'a su amince da gidan waya, ga motarsa tana warin daddawa.

Wani zuwa ya ce ya isa haka. Ya tsaya a zaure ya yi bayani cikin ladabi, kowa ya kai koli ɗinsa, wato ƙullinsa, biron gidan waya, zai isa lafiya. Mutane suka kwashe kayansu suna gunaguni, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ƙi motsi. 'Yarta tana aure a Yamai, ta daɗe ba ta zo gida ba. Ƙullin ma ɗan ƙarami ne, yaji ne kawai.

"Iya, wannan ai ko a kasuwar can akwai shi," in ji yayana.

"Na sani, ɗana. Kullum na kira ta a salula sai ta ce mini lafiya lau, amma muryar ba tata ba ce. Mutanen naka in sun miƙa mata, za su dube ta su faɗa mini ko ta rame?"

Na ga ya sunkuyar da kai. Ya karɓi ƙullin hannu biyu, ya sa a aljihun babbar rigarsa.

Har yau ina tunanin wannan tambaya. Mu nan in mun ba mutum saƙo, idonsa muke aro, yajin dalili ne kawai. Na ji tausayin yayana ƙwarai, don babu abin da ya karanta ko ya tsara a biro da zai amsa ta.

Ya kai wa 'yar ƙullin da kansa. Washegari da yamma ya kira Inna, ina zaune kusa da ita ina jin muryarsa.

"Inna, ki ce wa Iya ta haɗa kayanta. Gobe da safe zan aiko mota ta kawo ta wurin 'yarta."