Shekarar da Na Ƙwanƙwasa Rumbuna

Ni maginin rumbu ne, ko in ce a da, don yanzu hannun nan ko igiyar wando da ƙyar yake ɗaurawa. Rabin rumbunan ƙasar da ke ƙauyenmu, nan gaba da Kiyako in za ka Gwaram, ni na ɗora su. In na ƙwanƙwasa jikin rumbu da bayan yatsa, na san inda hatsi ya tsaya. Cikakke a dunƙule yake amsawa, wanda ya yi ƙasa kuwa sai ya yi amo kamar tulun da ba ruwa. Kunnen nan nawa shi ya ja mini.

A shekarar, tun Nasara bai shigo ƙasar nan ba, fara ta sauka wajen Gwaram ana dab da girbi, ta share musu gonaki tas. Mu gonakin gabas kawai ta lasa ta wuce. Da rani ya tsaya sai mutanen can suka fara zuwa, wasu dangi, wasu surukai, suna neman abin da zai kai su damina. Muna da rumbun gari guda biyu a ƙofar mai gari, inda kowane gida ke zuba dami bayan girbi saboda rana irin wannan. Mai gari ya tara dattawa ya ce ba zai buɗe wa baƙi ba sai ya san halin da gidajenmu ke ciki. In muna da abin da zai kai mu sabon gero, a ba su. In babu, a bar wa gida.

Magana mai kyau. To amma wa zai leƙa rumbun wani? A wurinmu ko ɗan cikinka ba ya ɗaga murfin rumbunka in ba ka aike shi ba. Sai wani ya ce ai ga magini, ba sai ya leƙa ba, ya ƙwanƙwasa kawai. Haka aka haɗa ni da liman, muka bi gida-gida.

Kai, ban taɓa shiga ruɗani irin na kwana ukun nan ba. Kafin mu fara, labari ya riga ya zaga cewa daga Birnin Kudu aka aiko a duba hatsi don a ƙara mana abin da ake karɓa. Wasu suka ce a'a, masu shi za a kwashe wa a ba marasa shi. Saboda haka wanda rumbunsa ke cike har wuya sai ya tare mu da kuka, wai ko na kunu babu. Wanda kuwa na ji nasa wayam, shi ne zai shimfiɗa mana tabarma, ya sa a damo fura mai kauri, yana ta hamdala. Yatsana na gaya mini abu guda, mai gida na faɗin wani, liman na kallon bakina. Mai kukan da sauƙi, in ce masa haba Malam, ji tsoron Allah, a yi dariya a wuce. Mai hamdalar fa? In tsaya a tsakar gidansa, matansa na ji daga ɗaki, in ce ba ka da abin ciyar da su? Ina! Sai in ce akwai rufin asiri, liman ya shafa fatiha, mu fita.

Gidan yayana muka shiga ƙarshe. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Gonarsa tana gabas, ga yara shida. Na ƙwanƙwasa daga wuya, na yi ƙasa, na yi ƙasa, sai da na durƙusa kafin rumbun ya amsa. Hatsin bai wuce gwiwa ba. Yaya yana tsaye, hannu a baya. Bai yi kuka ba, bai yi hamdala ba, ni kawai yake kallo.

Liman ya ce, "Magini, me ka ji?"

Na ce, "Akwai rufin asiri, Malam."

Yaya ya sunkuyar da kai. Wallahi na ɗauka godiya ce. Na koma gida ina jin na biya shi kaɗan daga abin da ya yi mini, ina cewa a raina zan riƙa taimaka masa a ɓoye.

A gaban mai gari na ce, ranka ya daɗe, in an yi tattali za mu kai. Har yau ban san ko ƙarya na yi ba. In ka tara hatsin garin wuri guda, za mu kai ɗin. Sai dai ba wuri guda yake ba. Aka buɗe rumbunan nan biyu, jakunan mutanen Gwaram suka yi lodi suka tafi suna sa albarka. Ban ga laifinsu ba, yunwa ce ta koro su.

Ruwa ya yi jinkiri. Kafin noman farko gidajen hamdala sun koma dusa da tafasa, masu kukan nan kuwa suka ja ƙofa, suka ce ai mun gaya muku babu. Nawa rumbun ma rabi ne. Na aika wa yaya ƙwarya biyu, ta uku ta gagara.

Wata safiya aka ce mini yana ɗaure kaya, zai bi dangin matarsa can kudu. Na ruga, raina a ɓace. Na ce, "Yaya, me ya hana ka gaya wa mai gari tun rumbun gari na nan?"

Ya ce, "Ni? Da bakina? Ranar da na ji kai za a turo, sai da na ci tuwo na ƙoshi don murna. Na ce ƙanena ne ya gina shi, zai ji, zai faɗa, a ba ni ban roƙa ba."

Kaina ya ɗaure. Na ce, "Asirinka na rufa, Yaya."

Ya ce, "Ka rufa kuwa."

Ya ɗora autansa a kafaɗa, suka kama hanya. Na raka su har bakin rafi, ya ce in koma kada ciyawa ta cinye mini gero. Ban sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.