Daren da Iya ta hana mu ƙona mutum-mutumi

A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasarmu, gwamnati ta turo Baba ƙaro ilimi Landan, muka kama haya a hawa na biyu na wani gida a unguwar Catford. Da sanyi ya gabato sai ya aika wa mahaifiyarsa tikiti ta zo daga Kano a duba mata ido. Iya muke ce mata. Garin bai taɓa kwanta mata ba, balle yadda rana ke faɗuwa kafin mu iso gida daga makaranta. Da an idar da magariba sai ta jawo kujera gaban hitar gas ta miƙe ƙafafu, ni da ƙanwata Hadiza mu zube a kan kafet. Kullum sai ta yi mitar wai wutar ba ta da ƙamshin itace, amma ba ta matsawa.

Da Nuwamba ta kama, yaran unguwa suka shiga haɗa mutum-mutumi da tsofaffin kaya, wanda za a jefa cikin wuta ana harba tartsatsi sama. Ni ma na cusa jaridu a tsohon wandon Baba na haɗa nawa. Iya ta gan shi jingine a bayan ƙofa ta ce, "Wannan baƙon fa?" Na amsa mata da Turanci cewa mugu ne, ƙona shi za mu yi. Ta zaunar da Baba ya yi mata bayanin asalin abin tiryan-tiryan, sai washegari da yamma ta kira mu.

"Ku matso," in ji ta, "yau tatsuniyar garin nan zan ba ku."

Wai an yi wani sarki a ƙasar sanyi. Mutanensa Ubangiji ɗaya suke kira, amma sun rabu biyu kan yadda za a kira Shi. Sarkin da 'yan majalisarsa ko kan haraji ba sa jituwa, sai dai bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa duk wanda bai je cocin sarki ba a ci shi tara. Wasu samari daga ɓangaren da ake matsa wa suka fusata, suka jibge albarushi a ƙarƙashin zauren majalisa. Asirinsu ya tonu, aka kashe su, siffar ɗayansu ce ake ƙonawa duk shekara. Nan bayanin Baba ya tsaya, amma Iya ta ƙaro wata mata mai gasa burodi, wadda ko fuskar samarin ba ta sani ba, ibadarsu ce kawai iri ɗaya. Gari ya waye ba mai sayen burodinta. Ungozomar da ta karɓi haihuwarta ta daina amsa gaisuwarta. Yara suka fara jifan ƙofarta.

Hadiza ta ce, "Iya, to ita me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, 'yar nan. Shi ya sa nake ba ku labarinta."

Sai ta nuna ƙasa da haɓa. A hawan ƙasa akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Ailan, Iya kan aika mata ƙosai, ita kuma ta aiko da biskit, ba wadda ke jin yaren 'yar'uwarta. Iya ta lura tun da aka fara wasan wutar tsohuwar ta ja labule ta daina fitowa, Baba kuma ya gaya mata cewa cocin tsohuwar ɗaya ne da na samarin.

"In kallon wuta ne ku je," ta ce. "Amma ba za a fito da mutum daga gidan ɗana, a wuce da shi ta ƙofar baiwar Allah nan a kai shi wuta ba."

Na yi kuka, na yi fushi, na warware wandon da hannuna. Ranar wasan muka fita da Baba, Iya kuwa ta sauka da kwanon ƙosai ta zauna wurin tsohuwar har ƙarar ta lafa.

A garin nan na girma, a nan nake aiki. Bayan shekaru masu yawa wasu masu suna irin nawa suka yi ta'asa, washegari na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wata mata ta dubi gemuna, ta dubi jakata, ta tashi ta sauya kujera. Sai a lokacin na gane cewa cikin labarin duka, mai burodin kaɗai Iya ta ƙirƙira, kuma ita ce ta fi kowa zama gaskiya. Iya ta daɗe da rasuwa. Har yau ina nadamar ban tambaye ta a wace unguwar Kano ta taɓa ganin matar da idonta ba.