Bakin Tiyon da Ban Toshe Ba

Shekarun baya na kusa kashe mutum uku. Wani ɗan ƙarfe ne da bai fi kan babban yatsa ba na manta a aljihu.

Gyaran firigo, wato firiji, nake yi a unguwar Lazaret, a Yamai. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, a hannu na koyi aikin. Maigidan da ya koya min, gaz ne ya kashe shi. Kwalba ta fashe a shagonmu ina saurayi, ya yi kwana uku a asibiti ya cika. Ni na fita da hannun hagu da gefen wuya a ƙone. Tun daga ranar ban sake kunna wutar gaz ba. Ina haɗa tiyo, ina ɗaurewa, amma ashana sai dai wani ya ƙyasta. A gidana har yau da gawayi ake girki.

Wata rana wani Alhaji ya zo ya ɗauke ni zuwa gidansa a unguwar Goudel. Mutumin Damagaram ne, ya daɗe a Yamai yana aikin gwamnati har ya ajiye. Tsohuwar mota ya saya a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, irin mai ɗaki a ciki, da gado, da murhun gaz mai baki biyu, da firigo. Mahaifiyarsa ce dalilin sayen. Ta tsufa, ba ta iya doguwar tafiya a zaune, kuma ta kafe sai an kai ta gida ta ga ƴan uwa. Tana da ciwon sukari, allurarta ba ta son zafi. Firigon motar kuwa ya mutu.

Na leƙa bayansa, ban ga inji ba. Wata ƴar wuta ce ake kunnawa da gaz, ita ke kawo sanyi. Na ce wa Alhaji wannan ba ya gyaruwa a hannuna, sai dai a cire a sa mai aiki da batir. Ya ce jibi bayan Azahar za su kama hanya.

"Gaz ɗin murhu dai ka bar min shi," ya ce. "Inna ba ta wuce La'asar ba shayi. Ko a hanya muke sai mun tsaya."

Na ce to. Ya kawo motar bakin rumfata.

Kwance kusoshi bai ɗau lokaci ba. Na kwance tiyon gaz daga bayan firigon. Tiyo ɗaya ne ya taso daga kwalba ya rabu biyu, reshe ɗaya ya tafi murhu, ɗaya ya zo nan. Wannan reshen dole a toshe shi da bushon, ɗan murfin ƙarfe mai zare. Ba ni da mai girmansa. Sai na yi abin da kowane mai gyara a garin nan yake yi: na cusa leda a bakin, na naɗe da robar tayar keke, kafin in samo. Kwalbar ma babu komai a cikinta a lokacin.

Daga nan wahala ta fara. Firigon ya ƙi fita ta ƙofa. Na cire masa murfi, ya ƙi. Na juya shi ta gefe, ya ƙi. Da alama shi aka fara sawa kafin a gina motar a kansa. Na kira abokina, wani Bazabarme ɗan kabu-kabu da yake tsayawa a bakin layinmu. Shi kaɗai ne yake ce min Gasasshe in ƙyale shi.

Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Gasasshe, ka bar shi nan mana. Tsohuwa ta riƙa ajiye goro a ciki."

A ƙarshe taga muka cire gaba ɗaya, muka zaro shi ta nan kamar ana fitar da gawa daga rijiya. Yini guda ya tafi.

Washegari na je kasuwa na samo bushon da ƙyar, a rumfa ta biyar. Na jefa shi a aljihun rigata. Na dawo na tarar an kawo sabon firigo, kuma ya fi ramin tsohon tsawo da yatsa biyu. Na yini ina sassaƙe katakon sama. Ran tafiya da hantsi Alhaji ya zo ya tsaya a kaina, hannu a baya, yana duba agogo. Muka shigar da firigon ta taga, na tura shi rami, ya zauna daram. Na haɗa waya, ya tashi, sanyi ya zo. Na ɗaure kusoshi, na mayar da taga. Alhaji ya taɓa cikin firigon ya ce madalla, ya ce zai biya ya cika gaz sannan ya wuce gida a loda kaya.

Na ji daɗin kaina a ranar. Har na ci shinkafa da wake faranti biyu.

Da aka kira Azahar na tsuguna zan yi alwala, sai na ji wani abu ya soke ni a cinya. Na sa hannu a aljihu. Bushon ne.

Na daɗe ina kallonsa. Buta ta kife, ruwa ya bi ƙafata, ban motsa ba. Na san abin da leda da roba za su yi a kan hanyar da ke jijjiga mota. Na san kuma injin sabon firigon yana ɗan tartsatsi duk lokacin da zai tashi, kuma tsakaninsa da bakin tiyon bai kai taƙi ɗaya ba. Abu ɗaya ya rage tsakanin su Alhaji da wuta, shi ne kwalbar tana rufe. Za a buɗe ta da La'asar.

Na kira wayar Alhaji. Ta yi ƙara har ta gaji. Na sake, na sake. Sallar ma ban san yadda na yi ta ba, Allah Ya yafe min. Na fita da jakar kayan aiki na sami abokina yana kwance a kan motonsa, babur ɗin da yake kabu-kabu da shi.

"Tashi. Goudel."

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa tukuna."

Ya dubi fuskata, ya tayar da moto.

A Goudel muka tarar da ƙofa a rufe. Wata maƙwabciya ta ce suna idar da salla suka tafi, Alhaji da matarsa da tsohuwa. Ta ce wayarsa kuwa in yana tuƙi a jaka take zama. Na nuna wa abokina bushon, na faɗa masa a taƙaice. Ya ce, "La'asar?" Na ce La'asar. Ya tofar da tsinken da ke bakinsa.

Ratsa Yamai daga yamma zuwa gabas a wannan lokaci, wanda ya sani ya sani. Taksi ta tsaya a tsakiyar titi tana ɗaukar mutum, amalanke ya gitta, ga raƙumi da kayan tabarmi. Abokina yana kutsawa, gwiwata tana gogar motocin mutane. A shingen fita gari na tambayi wani jandarma ko farar mota mai ɗaki ta wuce. Ya ce ta wuce, da ɗan jimawa, tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Wannan ya ɗan ba ni numfashi.

Muka kama hanyar Dosso. Ban taɓa duban rana kamar yadda na dube ta ran nan ba. Inuwarmu ta fara tsawo a gabanmu, ni kuma ina auna ta da ido. Duk baƙin hayaƙin da na hango a nesa sai in ce su ne. Ɗaya tsohuwar kamyo ce, babbar motar kaya, ke hawan tudu, ɗaya shara ake ƙonawa. Tabon wuyana ya riƙa ƙaiƙayi. Warin shagonmu na da ya dawo min hanci, warin gashi da roba. Na tuna maigidana yana roƙon ruwa ana hana shi.

Mai ya ƙare mana kusa da wani ƙauye. Muka sayi na kwalba a bakin hanya. Mai sayarwar yana tsiyayawa a hankali ta cikin tsumma, na ƙwace na juye da kaina. Muna tashi sai ladanin ƙauyen ya ɗaga murya.

Abokina ya ce, "Ka ji?"

"Na ji. Ja."

Mun wuce garin Kure da kaɗan na hango motar, a gefen hanya ƙarƙashin wani gawo. Fara, lafiya lau, ba hayaƙi. Alhaji yana kan darduma can gefe, ya ba mu baya.

Ban jira moto ya tsaya ba. Na zagaya bayan motar inda akwatin kwalba yake. A buɗe na sami kwalbar. Na murɗe ta da ƙarfi har hannuna ya yi zafi, na ce wa abokina ya cire kan batir. Sannan na faɗa cikin motar, ba sallama, ba komai.

Warin ya buge ni tun daga ƙofa. Hajiya, matar Alhaji, tana tsaye gaban murhu, ta ɗora buta, hannunta ba komai. Tsohuwa tana kwance a gado da carbi.

"Hajiya, fita. Kar ki taɓa komai."

"Malam, lafiya? Wa ya ce ka shigo?"

Ban tsaya bayani ba. Na sunkuya na ɗauki tsohuwa, ba ta fi nauyin ɗan akuya ba, na fito da ita na ajiye a inuwa nesa da motar.

"Wane ne wannan yake ɗaukata kamar buhun gero?" ta ce. "Ɗan nan, ko uban Alhaji bai taɓa ɗaukata haka ba."

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Ni dai tun ɗazu nake cewa motar nan tana wari. Aka ce min daddawa ce."

Na koma na buɗe tagogi duka. Sai a lokacin na tambayi Hajiya me ya hana ta kunna wuta. Ta ce ashana tana aljihun Alhaji, shi kuma in ya zauna lazimi ba a katse shi. Jira take ya shafa addu'a.

Na zauna a ƙasa.

Alhaji ya taso da darduma a hannu. A hanya na shirya ƙarya kala uku, zan iya cewa na zo duba wani abu ne kawai. Da ya tsaya a gabana ba ko ɗaya da ta fito. Na buɗe tafin hannuna na nuna masa.

"Wannan ya kamata ya kasance a bayan firigonka. Na manta. Da kun kunna wuta, da ba ku kai Dosso ba."

Ya dubi bushon, ya dubi mahaifiyarsa. Ya sa hannu a aljihu ya taɓa ashanar, na ji ƙararta. Na so ya zage ni, ko ya mare ni. Bai yi ba.

"Cire shi in gani," ya ce.

Hajiya ta kwashe allurar tsohuwa ta naɗe a jiƙaƙƙen zane. Da iska ta wanke motar, ni da abokina muka sake kwance firigon da na ɗaure da safe, muka jawo shi tsakiyar ɗakin. Robar tana reto a jikin tiyo, ledar ta faɗi ƙasa, bakin a buɗe. Alhaji ya sunkuya ya gani da idonsa. Na ɗaura bushon, na matse. Na kaɗa sabulu a kofi, aka buɗe kwalba, na shafa kumfa a kowane mahaɗi tun daga kwalba har murhu. Ba inda ya hura. Na sake bi sau biyu. Muka mayar da firigon, aka haɗa batir, ya tashi.

Na fara tattara kayana. Tsohuwa daga inuwa ta ce, "To shayin fa?"

Alhaji ya ciro ashanar ya miƙo min.

"Kai za ka kunna."

Abokina ya san labarina. Ya matso ya ce, "Alhaji, bari ni in yi." Alhaji bai ko dube shi ba. Gaskiyarsa ce. In ban yarda da aikina ba, don me zai kwantar da uwarsa a kai?

Na ce su matsa can bayan gawo, suka matsa. Na shiga ni kaɗai. Tsinke na farko ya karye. Na biyu ya mutu kafin in kai shi. Na uku na riƙe da hannu biyu, na murɗa murhu, na kau da fuska. Wuta ta kama, shuɗiya, ƙarama, shiru. Na tsaya a kanta har butar ta tafasa.

Tsohuwa ta sa aka ba ni kofin farko. Ta ce sukari ya yi kaɗan, ta harari surukarta, aka tuna mata ciwonta. Abokina ya sha uku. Da za mu juyo ya ce, "Gasasshe, yau saura kaɗan ka samu ƴan uwa." Ban yi dariya ba sai da muka kusa Yamai.

Sun isa Damagaram lafiya, sun dawo lafiya. Alhaji bai sake kawo min aiki ba, kuma ban ga laifinsa ba. In mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure muna gaisawa.

Mutane suna cewa ai Allah Ya kiyaye, ka manta kawai. Allah Ya kiyaye, wannan haka yake. Amma ni na san ba ƙwarewata ce ta tsare su ba, dogon lazimin wani ne. Har yau in na ji kiran La'asar sai na shafa cinyata.

Ina nan Lazaret, rumfar dai ita ce. Ban sake naɗe bakin tiyo da roba ba, in babu bushon aikin ya jira. Rigunan aikina uku ne, duka na kai wa tela ya ɗinke aljihunsu.