Haƙoran Keken Baba

Keken babana murya gare shi. Haƙoran farantin da feda ke juyawa sun cinye har sun yi tsini kamar ƙaya, don haka duk taku uku sai kaca ta zame ta ce ƙas. Da ya shigo lungunmu na Madabo bayan la'asar, Umma za ta ce, "Ga Malam nan, a kai buta zaure." Ko keke goma suka wuce, ba ta taɓa kuskure ba.

Da ya rasu, keken ya zama nawa. Da shi nake zuwa makarantar da nake koyarwa, kuma ba ƙaramin haushinsa nake ji ba. Rannan a wajen Ƙofar Wambai na miƙe na taka da ƙarfi, kaca ta suɓuce, na kife a gaban 'yan gwanjo. Ko riga ban tsaya kakkaɓewa ba, na tura keken wurin tsohon da ya saba yi wa Baba gyara, na ce ya canja farantin.

Ya shafa haƙoran, ya ce, "Sau nawa na ce wa Malam a canja, sai ya ce in bar masa abinsa. Ka tabbata?"

Na ce, "Baba, cire kawai." A raina cewa nake, tsumulmula ce irin ta mutanen da.

Ya ce sabon faranti ba ya zama da tsohuwar kaca, sai an canja duka. Aka canja. Na hau, keke ya tafi sumul, har ina ɗan rera waƙa a hanya.

Na jingine shi a zaure na yi sallama. Umma tana kan tabarma, lokacin idonta ya riga ya yi rauni, buta cike a gefenta. Ta firgita.

"Yaushe ka shigo? Yau ban ji Malam a lungu ba."

Na ce, "Umma, ni ne."

Ta ce, "Na san kai ne, ban ruɗe ba. Amma daga bakin lungu zuwa zaure, nakan bar raina ya ce shi ne."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Washegari da safe na koma wurin mai gyaran. Tsohon ya ciro farantin daga ƙarƙashin benci, ashe bai jefar ba. Ya ce ba zai sake hawa ba, sabuwar kaca ba za ta kama shi ba, tsohuwar kuma masu sayen ƙarafa sun tafi da ita tun jiya.

"Malam ya taɓa gaya mini, da ƙarar nan Hajiya ke sanin ya dawo."

"Me ya hana ka faɗa jiya?"

"Ai ka ce in cire kawai."

Na kai wa Umma farantin. Ta bi haƙoran da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta tura shi ƙarƙashin tabarma. Tun daga ranar, in na shigo lungu sai in kaɗa ƙararrawa don kada in firgita ta. Takan amsa sallamata, amma ba ta ƙara cika butar ba.