Ranar da na rage wa tsoho magana a gaban depitoci

Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa, na manta sunayen yara da yawa da na ƙauyuka, amma akwai wani hantsi guda da ba zai fita raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ranar ce aka sa ni tafinta, na ci amanar bakin wani dattijo.

Lokacin ina sabon mushe, wato malami, a lakwal, makarantar boko ta wani ƙauye cikin ƙasar Mayahi, ba nisa da Gidan Amumune. Babban farin nan bai daɗe da wucewa ba, gonaki sun zama fili fetal, iska na binne hatsi tun yana tsiro. Soja ke mulki har lokacin, amma an sake buɗe majalisa, sai muka ji wai depitoci uku, wato 'yan majalisar, za su zo daga Yamai su ga inda kuɗin dashen itace suka shiga. A bayan ƙauyenmu akwai wani fili da aka kewaye da waya, inda wani furoje, shirin dashen itace, ya dasa bedi, wato dogon yaro, shekara uku da suka wuce.

Ana gobe za su zo, shugaban furojen ya same ni a lakwal. Mutum ne mai fara'a, kowa ya san yana cin tuwo da kumandan mai mulkin yankin. Ya ce da ni, "Mushe, baƙin nan ba sa jin Hausa sosai, kai za ka fassara. Ka san talakawa, in sun ga mota sai kuka. Ka riƙa tace magana." Na ce to. Ban ji nauyin wannan to ɗin ba, don a zamanin nan ma'aikaci bai saba cewa a'a ba, kuma ina jiran a mayar da ni Tasawa kusa da mahaifiyata.

Da hantsi suka iso, aka zarce da su filin. Daga nesa wurin kore shar, abin sha'awa. Shugaban furoje ya karanta takardarsa da Faransanci: an sayi iri, an biya masu ban ruwa, an raba hatsi ga masu haƙa ramu. Babban depiten, wani siririn mutum mai furfura da tabarau, yana riƙe da tasa takardar yana bi layi-layi. Da aka gama sai ya ce yana son jin bakin masu ƙasa.

Maigari ya yi godiya ya zauna. Sai wani tsoho da gonarsa ke jikin wayar ya miƙe, ba wanda ya kira shi. Ya ce, "Ɗana, faɗa musu bedin da aka dasa ya mutu tun ranin farko, ba mu ga mai ban ruwa ba ko sau ɗaya. Hatsin haƙa ramu, rabi aka ba mu. Koren nan da suke gani, sabara ce da kalgo da gawo, kututtukan da ke nan tun kakanninmu, sun toho don waya ta hana awaki. A gonakinmu ma suna tohowa, amma mu sassabe su muke tun suna ƙanana. In icce ya girma ya zama na gwamnati, ka sare reshe a ci ka tara. Wa zai yi renon abin da za a kama shi a kai?"

Na kalli shugaban furoje, ya kalle ni yana murmushi. Na juya ga depitoci na ce, "Tsoho ya ce sun gode, suna roƙon a ƙara musu ruwa."

Babban depiten ya cire tabarau. Ya ce, "Mushe, dattijon nan ya daɗe yana magana, kai ka gama cikin numfashi guda. Hausata ba ta da yawa, amma na ji ya ce tara. Tarar me?"

Ba zan ce jarumta ce ta motsa ni ba, kama ni aka yi. Abin da ya fi ƙona ni shi ne tsohon, yana tsaye yana gyaɗa kai, ya yarda na isar da saƙonsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban faɗi duka ba." Na juya ga tsoho na ce, "Baba, sake faɗi, sannu-sannu." Ya sake, ni kuma na bi shi jimla-jimla, ban bar ko ɗaya ba.

Depiten bai yi faɗa ba. Ya nemi kalme, fartanyar haƙa, ya shiga filin da kansa, ya tona gindin wata sabara har tsohon kututture ya bayyana, kaurinsa ya kai cinya. Ya tona na biyu, haka. Ya ce shugaban furoje ya nuna masa bedi goma masu rai. Suka yi ta yawo cikin rana, suka samu huɗu. Sannan ya ce tsoho ya kai su gonarsa, ya ga tohon da aka sassabe, ya zauna a kan kunya yana rubutu, yana tambaya, ina fassarawa har azahar.

Abin da ya biyo baya ba wani mai girma ba ne. Shugaban furoje, an ɗauke shi zuwa wani gari, ban ji an ɗaure shi ba. Ni kuwa Tasawa ba ta samu ba, aka jefa ni wata lakwal can arewa, inda ruwan sha sai an yi tafiyar rabin yini da jaki. Mahaifiyata ta rasu ina can. Na daɗe ina jin haushin depiten nan.

Ban san abin da suka faɗa a majalisa ba, kuma ba zan ce ranar nan ita kaɗai ta canza wani abu ba. Na dai san daga baya ma'aikatan daji suka sassauta, manoma suka fara barin toho biyu ko uku a kan kowane kututture suna gyara su. Bayan shekara bakwai na bi ta ƙauyen, na tarar da gonar tsohon da inuwa. Ya gane ni. Ashe wani ya faɗa masa abin da na yi da farko. Ya riƙe hannuna ya ce, "Mushe, da ka san tsoro zai hana ka, da ka ce ba ka iyawa. Ni ba ni da wani baki ran nan sai naka."

Tun daga nan na gane cewa masu binciken dukiyar ƙasa, komai gaskiyarsu, ba su ganin kome sai abin da irinmu na tsakiya muka bari ya wuce. Duk lokacin da aka ba ni maganar wani in kai, nakan kai ta yadda aka ba ni, ko in faɗa wa mai ita tun farko ya nemi wani.